Haƙƙin Dattijo a Kan Gidansa Idan Bazara Ta Tsananta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da yake jujjuya lokuta a kan bayinsa, ya sanya damina da kaka da hunturu da bazara, kowanne da rabonsa na ni'ima da rabonsa na jarrabawa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, mai son sauƙi ga al'ummarsa, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, daga watan Maris zuwa faɗuwar ruwan farko ƙasarmu tana shiga wani hali da duk wanda ya tashi a cikinta ya san shi. Ƙurar hunturu ta kwanta, sama ta washe, rana ta samu fili babu abin da ya tare ta. A Sakkwato da Maiduguri da Yola, da Yamai da Damagaram, zafi yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas kwanaki a jere. Rijiyoyi su ja baya, 'yan garuwa su ƙara kuɗi, wutar lantarki ta yi ƙaranci daidai lokacin da aka fi bukatarta. A irin waɗannan makonni ne ake yawan jin sanarwar jana'iza bayan sallar asuba, kuma idan ka saurari sunayen sai ka tarar mafi yawansu dattawa ne. Mutane su ce bana an yi rashe-rashe, Allah ya jiƙan musulmi, a wuce wurin. Ajali gaskiya ne, babu mai jinkirta shi ko gaggauta shi. Amma Allah da ya rubuta ajali shi ne ya halicci sababi, ya kuma ɗora mana nauyin kiyaye rai, har malaman usulu irin su Gazali da Shaɗibi suka lissafa shi cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo don tsarewa. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ma da ya rubuta littafi kan maslahohin ɗan Adam, haɗa na addini da na jiki ya yi a wuri ɗaya tun daga sunan littafin.

Cewa zafi yana kashe tsofaffi abu ne da aka ƙirga aka gani. A farkon Afrilun 2024, ana cikin goman ƙarshe na azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya samu mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan, alhali a Afrilun shekarar da ta gabata mutum 130 ne suka rasu a can cikin watan gaba ɗaya. Kusan rabin waɗanda suka rasu sun haura shekara sittin. Wata biyu bayan haka, a aikin Hajjin wannan shekara, zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, hukumomin Saudiyya suka bayyana rasuwar alhazai 1,301, mafi yawansu waɗanda suka yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana babu mafaka. Kafin wannan, a watan Agustan 2003, Faransa ta rasa mutum kusan 15,000 a zafin makonni kaɗan, galibinsu tsofaffi, da yawa an same su su kaɗai a ɗakunansu. Mali maƙwabciyar Nijar ce, yanayinmu ɗaya, ginin gidajenmu ɗaya, azuminmu ɗaya. Bambancin kawai, a garuruwanmu da ƙauyukanmu mafi yawan masu rasuwa a gida suke cikawa, a yi musu sutura kafin la'asar, babu takardar da ta rubuta dalili.

Me ya sa tsoho ne zafi ya fi kamawa, alhali rana ɗaya ce take dukan kowa? Allah Maɗaukaki ya ba mu labari a Suratur Rum, aya ta 54, cewa rayuwar mutum daga rauni take farawa, ta kai ga ƙarfi, ta koma ga rauni da furfura. Likitoci sun bayyana mana yadda wannan rauni na biyu yake game da zafi. Jikin mutum yana son ya zauna a kusan digiri 37. Idan zafi ya taso, hanya biyu yake bi ya sauke shi: ya tura jini zuwa fata, ya kuma fitar da gumi, gumin ya bushe ya tafi da zafin. Hanyar farko aiki ce babba a kan zuciya, domin sai ta ƙara bugu sosai, zuciyar mai shekara saba'in kuwa ta riga ta yi aikin da ta yi. Hanya ta biyu ma tana raguwa, don gumin tsoho yana jinkirin zuwa kuma ba ya yawa. Duk macen da ta daɗe da randa ta san sabuwa ta fi sanyaya ruwa, saboda tana tsatsafowa ta jikinta iska tana busarwa. Idan ta tsufa ƙofofin jikinta suka toshe, sai ruwan ya zauna da ɗuminsa. Haka fatar dattijo take. Ga shi kuma ruwan da ke jikinsa tun asali bai kai na saurayi ba, ƙodarsa kuma ba ta iya tattalin ruwa kamar da, tana zubar da shi ko jiki yana bukata.

Amma abin da ya fi duk waɗannan haɗari, wanda kuma shi ne dalilin wannan rubutu, shi ne ƙishirwa tana daina kiran tsoho a kan lokaci. Yaro idan jikinsa ya nemi ruwa zai taso daga wasa a guje ya kafa kai a moɗa. Dattijo kuwa jikinsa yana iya bushewa ƙwarai bai ji komai a maƙogwaronsa ba. Jika ya kawo ruwa ya durƙusa ya ce, “Baba, ga ruwa.” Ya ce, “Ajiye nan, ba na jin ƙishi.” Gaskiya ya faɗa, bai ji ba. Yaron ya ajiye ya tafi, shi ma a ganinsa ya sauke nauyi. Da la'asar a zo a tarar kofin yana nan yadda aka bar shi, ya yi ɗumi, ƙuda na yawo a bakinsa. Gidan da yake jiran tsohonsa ya nemi ruwa kafin a ba shi, yana jiran kiran da ba lalle ya zo ba. Don haka ruwan dattijo a bazara da lokaci ake ba da shi, kamar magani, a kuma tsaya har a ga ya sha. Musulmi bai rasa agogon da zai ɗaura wannan a kai ba: kofi bayan kowace salla, kofi tare da kowane abinci, kofi da hantsi, kofi tsakanin azahar da la'asar. Kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi a cika ciki lokaci ɗaya. Ma'aunin da kowa zai iya dubawa ba tare da na'ura ba shi ne fitsari: idan ya yi ƙaranci ya yi duhu kamar ruwan shayi, jiki yana bin bashin ruwa.

Akwai kuma dattawan da suke ƙin ruwa da gangan, kuma dalilansu sun cancanci a saurare su da ladabi. Wani yana tsaron alwalarsa ne. Ya yi ta tun azahar yana son ta kai shi isha, domin durƙusawa da tashi sun zame masa aiki, ga banɗaki a can ƙarshen gida. Wani ciwon da ke damun maza idan shekaru sun ja ne yake tashinsa sau da yawa cikin dare, sai ya yanke wa kansa shan ruwa tun la'asar. Wata tsohuwa kuwa fitsari ne yake kufce mata, kunya ta hana ta faɗa wa ko 'yarta, balle suruka, sai ta zaɓi ƙishirwa a kan a ga tabo a zaninta. Wannan kunya tana da daraja a wurinmu, amma ana iya rasa rai a kanta. Maganin abin a hannun mutanen gida yake: a kusanto da wurin kama ruwa, a tanadi fo mai murfi a ɗaki da dare, a sa fitila a hanya, a samu kujerar alwala. Malami kuma ya yi nasa aikin, ya sanar da su cewa malamanmu na mazhabar Malik sun yi bayanin mai yoyon fitsari tun da daɗewa: idan abin yana lazimtar mutum rabin lokaci ko fiye, fitarsa ba ta warware alwala, sai dai an so ya sabunta idan babu wahala. Tsofaffi da yawa ba su taɓa jin wannan hukunci ba, domin ba tambayar da ake yi a gaban jama'a ba ce. Ya kamata masu karantarwa su faɗe shi ba tare da an tambaye su ba, a majalisin maza da na mata.

Daga nan sai mu zo ga wani tunani da ya zauna a zukatan bayin Allah na kirki, cewa jure wa rana ibada ce, neman inuwa kuwa ragwanci ne. Sunnar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ta goyi bayan wannan ba. Buhari ya ruwaito labarin wani mutum da ake kira Abu Isra'ila, wanda ya yi bakancen zai tsaya a rana, ba zai zauna ba, ba zai shiga inuwa ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Annabi ya sa aka umurce shi ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa kawai. Ka duba yadda aka tace bakancen: abin da yake ibada aka bar masa, abin da yake azabtar da kai aka zubar. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Anas cewa Annabi ya ga wani tsoho ana riƙe da shi tsakanin 'ya'yansa biyu, ya yi bakancen zuwa Ka'aba a ƙasa, sai ya bayyana cewa Allah ba ya bukatar wannan bawa ya wahalar da kansa, ya umurce shi ya hau abin hawa. A Hajjin bankwana, Ummul Husaini ta ga Usama da Bilal tare da Annabi, ɗaya yana riƙe da akalar taguwarsa, ɗaya ya ɗaga tufa yana yi masa inuwa daga zafi har ya yi jifan Aƙaba. Shekarunsa a lokacin sun haura sittin. Wanda ya fi kowa haƙuri da tawakkali an yi masa inuwa bai hana ba, to wane dattijo ne zai ji nauyin riƙe lema?

Har salla, wadda ita ce ginshiƙin addini, an sassauta lokacinta saboda zafi. Umurnin a jinkirta azahar har gari ya ɗan yi sanyi idan zafi ya tsananta ya tabbata a Buhari da Muslim, kuma littattafan da muke karantawa a zaure, daga Risala har Muhtasar, sun kawo shi. Anas ya ba da labarin sahabbai suna shimfiɗa gefen tufafinsu su yi sujada a kai saboda zafin ƙasa. A garuruwanmu zafin yini yakan kai ƙarshensa ne tsakanin ƙarfe biyu da ƙarfe huɗu, wato daidai lokacin da dattijo yake ɗaukar sandarsa ya nufi masallaci. Ba na cewa a raba shi da jam'i, domin sau da yawa masallaci shi ne abin da ya rage masa na haɗuwa da tsararrakinsa, kuma zaman kaɗaici shi ma ciwo ne. Abin da nake gani shi ne a makonnin tsananin zafi ya yi azahar da la'asar a masallaci mafi kusa, ko a gida idan jikinsa ya yi rauni, ya bar mai nisa sai asuba da magariba da isha. Ranar Juma'a kuwa a fita da shi da wuri a abin hawa, ya samu wuri a ciki ko a ƙarƙashin rumfa. Abin takaici ne ka ga samari sun cika inuwa, mai furfura yana zaune a kan kwalta tun kafin liman ya hau mumbari, dardumarsa ta yi zafin da ba a iya ɗora goshi a kai. Kwamitin masallacin da ya iya tara kuɗin hasumiya zai iya tara na rumfa da randunan ruwa.

Azumi shi ne wurin da magana ta fi wuya, don babu abin da dattijo ya fi ƙi kamar a ce masa ya sha. Yana ganin tun yana ɗan shekara goma sha bai taɓa sha ba, yanzu da ya kusa gamuwa da Ubangijinsa ne zai fara? Wannan himma abin girmamawa ce. Amma Allah da ya wajabta azumi shi ne ya saukar da rangwame a ayoyin Suratul Baƙara, kuma Abdullahi ɗan Abbas ya fassara ayar ciyarwa da tsoho da tsohuwar da ba sa iya azumi. Anas ɗan Malik, hadimin Annabi na shekara goma, da ya tsufa ƙwarai ya sha azumi ya ciyar da miskinai gurasa da nama. A mazhabarmu tsohon da azumi ya gagara ya sha, an so ya ciyar da mudun Nabi ɗaya a madadin kowace rana, kuma idan ana tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan ya zama wajibi a kansa. Wanda yake da ƙarfin yi kuwa, ya yi da dabara: ya jinkirta sahur, ya rarraba shan ruwa tsakanin buɗa baki da asuba, ya rage soye-soye da gishiri, ya lazimci inuwa. An ruwaito Annabi yana zuba ruwa a kansa yana azumi saboda zafi, Ibn Umar yana jiƙa tufa ya yafa, Anas kuma yana da wani kwarmin ruwa da yake shiga. Ramadan yana matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, yanzu yana fita daga bazara yana shiga hunturu, amma kada wannan ya sa a saki jiki. Sitta Shawwal da Litinin da Alhamis da kwanakin tsakiyar wata suna nan, kuma tsofaffi ne suka fi kowa riƙe su. Nafila ba ta kai a sayar da lafiya a kanta ba. 'Ya mai hikima takan ce, “Inna, ki bari sai ruwa ya sauka mu yi tare,” maimakon ta tsaya jayayya da ita.

Sai ɗakin da yake kwana. Kakanninmu sun gina da ƙasa, bango mai kauri, rufin azara da soro, zaure mai ƙofa biyu da iska ke ratsawa, ga ɗurumi ko ceɗiya ko darbejiya a ƙofar gida. Irin wannan gini yana jinkirta shigar zafi, tsakar rana ka shiga ka ji sanyi. Mu kuwa muka koma bulo da kwano, sau da yawa babu silin, taga ɗaya ƙarama, muka sare itacen tsakar gida muka yi shago. Kwano yana gasa ɗaki da rana, bulo ya riƙe zafin ya yi ta sakinsa har tsakar dare. Zafin dare kuwa shi ne mai cin jiki a ɓoye, saboda zuciyar da ta yini tana aiki ba ta samu hutu ba, gari ya waye ta ɗora daga inda ta tsaya. A gidaje da yawa ɗakin tsohuwa shi ne na ƙurya, wanda iska ba ta kai wa, cike da kwalla da buhuna da tarkacen shekaru. Ɗakin da ya fi sanyi a gida na wanda ya fi rauni ne, ko da mai gida zai bar nasa na wata biyu. A rufe taga ta ɓangaren rana da tabarma ko asabari, a buɗe da dare. A shimfiɗa zana ko karan dawa a kan kwano idan babu halin silin. A yayyafa ruwa a tsakar gida da yamma. Idan za a kwana a waje, a ɗaura gidan sauro, a ɗaga shimfiɗa daga ƙasa, domin bazara lokacin kunama ne. Wanda ya samu janareta kuma ya nisanta shi daga ɗaki da taga, hayaƙinsa ya sha kashe iyali gaba ɗaya suna barci.

Game da fanka akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Idan iskar ɗaki ta fi jiki zafi, fanka wannan iskar take hurowa, kuma tsohon da ba ya gumi sosai ba shi da abin da za ta busar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa idan zafi ya haura digiri 40 fanka tana iya ƙara wa jiki zafi. Dabarar ita ce a ba fata jiƙar da ta kasa yi wa kanta: a shafa ruwa a hannuwa da ƙafafu da wuya, a jiƙa mayafi mara nauyi a yafa, a sa ƙafa a cikin ruwa, sannan a kunna fanka ko a yi fifita da mafici. Wanka sau biyu ko uku a yini yana taimakawa, amma a sa kujera a makewayi, kada santsi ko jiri ya kayar da shi, domin karayar ƙugu ga tsoho wata musiba ce ta daban. Tufafi su zama na auduga, farare, masu yalwa. Babbar riga mai nauyin aiki da rawani mai yawan naɗi su jira ranar da ta dace da su.

Abinci ba ya bukatar dogon bayani, abin da muke da shi ya isa. Fura da nono mai ruwa-ruwa, kunun tsamiya, koko, farau-farau, kankana, lemo, miya mai romo. Mai ciwon sukari ya kiyayi zoɓo da kunun aya da aka cika wa sukari, da lemon kwalba. Abin da ya kwana a bazara a yi hattara da shi, don abinci yana saurin lalacewa, gudawar yini ɗaya kuwa tana iya kwantar da tsoho. Idan ta faru a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, na fakiti ko na haɗin gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Magunguna kuwa suna bukatar a tsaya a kansu. Dattawa da yawa suna shan maganin hawan jini, wasu daga cikinsu aikinsu shi ne su ƙara fitsari, wasu kuma suna rage bugun zuciya. A lokacin zafi waɗannan suna iya haɗuwa da ƙarancin ruwa su saukar da jini fiye da kima, mutum ya miƙe daga zaune ya ga duhu ya faɗi. Magungunan ciwon gaɓɓai da ake saye a kemis ko a hannun masu talla a sha kullum suna wahalar da ƙoda, balle ƙodar da ruwa ya yi wa ƙaranci. Kada kowa ya dakatar da maganinsa da ra'ayin kansa, wannan ma haɗari ne. A kwashi magungunan duka a leda a kai wa likita a farkon bazara, a tambaye shi ko akwai abin da za a gyara. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda ciwon zuciya ko na ƙoda, maganar yawan sha da ta gabata ba tasa ba ce sai da iznin likitansa. Allurar insulin kuma zafi yana kashe ƙarfinta. Inda babu firji, dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu lambar yabo ta duniya a kanta, ta fi a bar maganin a kan taga.

To idan abin ya riga ya faru fa? Matakin farko shi ne galabaita: kasala, ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ɗaurewar tsoka. A nan inuwa da ruwa da jiƙa jiki sukan wadatar. Mataki na biyu shi ne bugun zafi, lokacin da zafin jiki ya haura digiri 40 ya taɓa ƙwaƙwalwa. Alamarsa babba ita ce canjin hankali: dattijon da ya yi sallar asuba lafiya sai a ji da rana yana surutai, yana kiran waɗanda suka rasu, bai gane jikarsa ba, ko ya yi ta barcin da ba a iya tashinsa, jikinsa zau kamar garwashi, sau da yawa babu gumi. A nan ne gidaje suke ɓata lokaci mafi tsada. Wani ya ce ruɗewar tsufa ce, wani ya ce iska ce a kira mai ruƙiyya, wani ya ce zazzaɓi ne a ba shi Panadol a lulluɓe shi ya yi gumi. Lulluɓewar nan tana iya ƙarasa shi, kuma maganin zazzaɓi ba ya sauke irin wannan zafi. A fitar da shi zuwa wuri mafi sanyi, a rage masa tufafi, a yi ta kwara masa ruwa ana fifita, a sa ƙanƙara ko jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata da matsematsi, ana yi ana neman mota. Idan ba ya cikin hayyacinsa kada a ɗura masa komai a baki, ko ruwan rubutu ne, don yana iya bi ta hanyar numfashi. A kwantar da shi ta gefe. A ci gaba da jiƙa shi a cikin motar har a isa asibiti. Addu'a a bakinka take, ba ta hana hannunka aiki, ka yi ta kana zuba ruwan.

Wasu wuraren kuma ba gida ne ke jefa dattijo a rana ba, mu ne jama'a. Ana kiran tsofaffin ma'aikata tantancewar fansho a tsayar da su a layi tun hantsi har azahar, babu rumfa babu benci. Ana kai gawa maƙabarta da tsakar rana, abokan mamacin, waɗanda su ma tsararrakinsa ne, su bi a ƙasa su tsaya har a gama, domin suna jin kunyar a ce ba su raka amininsu ba. Gaggauta jana'iza sunna ce, amma babu abin da ya hana a ce wa dattijo, “Alhaji, ka samu salla, ka zauna a nan, mu za mu ƙarasa,” ko a ɗauke shi a mota a riƙa masa lema. A ƙauye kuma sharar gona tana faɗowa a tsakiyar bazara, tsohon da 'ya'yansa suka tafi cin rani ya ɗauki gatari shi kaɗai. In ba makawa, ya fita da sassafe ya dawo kafin rana ta take, da gorar ruwa, kuma wani ya san gonar da ya nufa.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi damuna, wato tsohon da babu mai leƙa shi. Muna yawan cewa mu ba mu yar da tsofaffinmu kamar Turawa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma a kowace unguwa yanzu akwai gwauruwar da 'ya'yanta suke Legas ko Abuja suna aiko da kuɗi ta waya, akwai dattijon da yake kwana a shago ko a zauren wani, akwai makaho da mai shanyewar ɓarin jiki da ba ya iya tashi ya ɗebi ruwa ko randa tana gabansa. Bayan abin da ya same su a 2003, Faransawa sun sa kowace ƙaramar hukuma ta buɗe rajistar tsofaffi masu zaman kaɗaici, a riƙa kiransu ana duba su idan zafi ya tashi. Mu ba mu bukatar ofis kafin mu yi haka. Liman ya san wanda ya saba tsayawa a bayansa, mai unguwa ya san gidajen da babu matasa, matan Islamiyya sun san tsohuwar da ta daina fitowa. Sa'adu ɗan Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Annabi sadakar da ta fi, aka nuna masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta. Masu neman abin da za su yi wa iyayensu da suka rigaya suna iya raba gidajen nan a tsakaninsu daga Maris zuwa Yuni, kowane gida da mai leƙa shi sau biyu a yini, da hantsi da kuma bayan azahar. Wanda ya je kada ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama ya karɓi “lafiya lau” ya juya, don dattijon Bahaushe ko yana jin jiki haka zai amsa. Ya shiga ciki, ya ji zafin ɗakin da jikinsa, ya duba randa, ya ja shi da hira har ya tabbata maganarsa a daidai take, ya zuba ruwa ya miƙa masa, ya zauna har ya shanye.